Akuyar da Ta Cinye Azumi

A ƙarshen watan Fabrairun 2025 aka ba da sanarwar rufe makarantu a Jihar Katsina har a gama azumi. Kano da Bauchi da Kebbi ma haka suka yi, aka yi ta cacar baki a rediyo da Facebook, wasu na cewa an kyauta, wasu na cewa an cuci boko. Ni malamin firamare ne a Kankiya, ba kuma wanda ya nemi jin ta bakina, amma a zuci na riga na kasa watan kashi uku: barcin hantsi, tafsirin yamma, da zaman bakin titin Katsina zuwa Kano ana kallon motoci har rana ta yi sanyi.

Matata, Maman Abba, ta saurari wannan tsari har ƙarshe tana tsince zoɓo. Sannan ta ce, "Malam, 'ya'yan mutane gwamnati ta sallame ka daga koyarwa, ba naka ba." Ita da azumi kasuwarta ke ci: zoɓo, kunun aya, lamurje, ga suyar ƙosai da la'asar. Saboda haka daga fitowar rana zuwa kiran magariba aka damƙa mini Abba mai shekara bakwai, da Ummi mai biyar, da Auta wanda bai cika biyu ba amma ya fi su duka aiki.

Ana saura 'yan kwanaki a ga wata yaran suka je Kusada gaida kakarsu, Inna, mahaifiyar Maman Abba. Can aka ɗaura mini jakar tsaba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ɗinkin azumi: yaro ya kame baki daga asuba zuwa azahar, ya sha ruwa, gobe ma haka, sai wata tsohuwa ta ce za ta ɗinke masa rabi da rabi su zama guda. Mu ma an yi mana, da baki kawai. Inna kuwa ta zamanantar da abin. Ta ba su gwangwanin madara mai murfi, ta ce duk ranar da aka kai azahar a jefa ƙwallon dabino ɗaya a ciki, in Sallah ta matso a kai mata ta ɗinke.

Ni kuma na yi Ishmawi, na yi Iziyya, na ɗan leƙa Risala a zauren malaminmu. Ibn Abi Zaid ya faɗa a fili cewa azumi bai hau kan yaro ba sai ya balaga, kuma ban ga babin da aka ambaci allura da zare ba. Na tara su a gindin darbejiya na yi musu bayani cikin natsuwa cewa azumi ba riga ba ne. Ummi ta dube ni da tausayi ta ce, "Baba, kai ba ka iya ba ne. Allurar Kaka daban ce." Daga madafa Maman Abba ta ce, "Malam, in ka ga ba daidai ba ne, ka je Kusada ka faɗa wa Inna da bakinka." Ta san abin da take yi. Mutumin da tun aurensa bai taɓa yarda ya sha ko ruwa a gaban surukarsa ba, shi ne zai je ya karanta mata Risala?

Na ce to, tunda ba a fasa ɗinki, bari aƙalla a san hukunce-hukunce. Na buɗe aji. Darasin farko, wanda ya manta ya ci ko ya sha, hadisi ya nuna ya ƙarasa azuminsa, Allah ne Ya ciyar da shi. Washegari mantuwa ta sauka a gidana. Abba ya manta da ƙosan jiya, ya manta da ragowar kunu, har da hantsi ya zo ya tsaya a kaina cikin ladabi ya ce, "Baba, zan shiga ɗakin Mama in ɗan manta." Na yi maza na jawo masa mazhabar Malikiyya, inda mai mantuwa a azumin farilla ba shi da laifi amma sai ya rama. Ya yi shiru yana lissafi, sannan ya tambaye ni ko ana iya bin Malikiyya da yamma kawai.

Ita Ummi alwala ta kama. Ban taɓa ganin baiwar Allah mai son tsarki irin nata a makon nan ba. Kafin azahar sai ta yi alwala ba adadi, kuma kullum a kurkurar baki take daɗewa. Ruwan da ke shiga dai ina gani, na fitowa ne ban cika gani ba. Randa kuwa sai ƙasa take yi, ga mai kurar ruwa ya ƙara kuɗi.

Sai kuma na lura gwangwanin ya fi kwanakin watan nauyi. Ranar da 'yan tashe suka fara zagaye, wato goma ga wata, na girgiza shi na ji ƙarar da ta isa azumin Rajab da Sha'aban haɗe. Na kuma lura duk dabinon da na buɗe baki da shi, kafin in idar da magariba an share ƙwallayen daga faranti. Na yi niyyar kafa kwamitin bincike, akuya ta riga ni.

Ga yadda aka yi. Wani dare a tsakiyar watan aka ɗauke wuta, ɗaki ba ya shiguwa don zafin Maris, na ce yau a gida zan ja asham, yara su ga yadda ake yi. Muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Abba a damana da hular da ta rufe masa kunne, Maman Abba da Ummi a baya. Raka'ar farko lafiya. A sujadar raka'a ta biyu na ji an dafa ƙeyata, an taka ƙuguna, an haye. Auta ne, riƙe da gwangwanin azumi, ya mai da shi caki. Nan take na tuna cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa tsawaita sujada don jikansa ya hau bayansa, bai ɗago ba sai da yaron ya sauka don kansa. Na ce yau ga sunna ta zo har gida. Na yi tasbihi uku, na yi bakwai, na daina ƙirgawa. Auta bai ga dalilin sauka ba. Ya gyara zama, ya kama wuyan rigata, yana kaɗa gwangwani daidai kunnena na hagu. Goshina ya fara ɗaukar zanen tabarma. A baya na ji Maman Abba ta yi gyaran murya irin wanda ba na maƙogwaro ba.

Sai murfi ya fita. Ƙwallaye suka watsu a kan siminti, wasu suka gangara wajen turke. A turken nan akwai jar akuyar Maman Abba, irin jajayen nan na Sakkwato da Maraɗi da ake yabon fatarsu, wadda ta saya da ribar zoɓon bara. Ashe ta kwance igiya. Ina cikin sujada na ji ƙurus, ƙurus, ƙurus. Sannan muryar Ummi ta tsaga unguwa: "Wayyo Allah! Akuya tana cinye azumina!"

Yadda na kai ƙarshen sallar nan, Allah Shi ne masani. Da na yi sallama, mamu ɗaya kawai ya rage mini, ita ma kafaɗunta rawa suke a cikin hijabi. Abba ya shaƙe wuyan akuya yana cewa ta tofo, Ummi na birgima, Auta na tafi.

Aka koma zaman fatawa. Abba yana so ya sani: yanzu ladan na akuya ne? In an yanka ta, wanda ya ci naman ya samu? Na ce gobe zan sayo dabino mudu guda, a ci, a cika gwangwani. Ummi ta ce waɗancan ƙwallaye ne kawai, ba azumi a cikinsu. A nan fa ta kama ni, don abin da nake ta faɗa tun farkon wata ke nan. Aka buga wa Inna waya. Ta ce ba a ɗinki ta waya, a kawo mata su. Ummi ta ce har da akuya, tunda azumin na cikinta. Na dubi Maman Abba don ta kashe maganar, sai ta ce, "Ai Kusada ba nisa, Malam."

Ba nisa kam. Maƙwabta ne, ɗan majalisar tarayya ɗaya ma muke zaɓe da su da Ingawa. Amma nisa ya danganta da abin da ka ɗauko. Na sa man babur da kuɗin da tun cire tallafi a 2023 ba na son tuna shi, na ɗora Ummi a kan tanki da ragowar gwangwani, Abba a bayana, akuya a ɗaure a kariya tana sanar da duk ƙauyen da muka ratsa. Ga azumi a bakina, ga rana. Mutum biyu suka tsai da ni suna taya ta. Wani dattijo a kan jaki ya ce in zan kai ta kasuwar Charanchi ne na ɓata hanya.

A ƙofar gidan Inna na cire takalmi tun daga zaure, na shiga na durƙusa nesa da tabarmarta, kaina a ƙasa. "Ina wuni, Inna? Ya ibada?" Ban rufe baki ba Abba ya shigo janye da akuya. Wata maƙwabciya da ke tankaɗe a gefe ta ajiye rariya ta rangaɗa guɗa. "Ayyururui! Surukin Inna ya kawo akuyar Sallah!" Kafin ka ce kwabo mata sun leƙo ta katanga. Inna ta ɗaga hannu sama. "Kai, Malam, hada wahala haka? Allah shi yi maka albarka. Allah shi sa ɗiyanka su yi maka fiye da haka." Matan suka amsa da amin. Ni ma, da na rasa abin cewa, na ce amin.

Ummi ce ta yi ƙoƙarin ceto na. "Kaka, ba kyauta ba ce, azuminmu ne a cikinta." Inna ta shafa cikin akuyar, ta kara kunne, ta jinjina kai. "Lalle yana ciki. To kun gani, dole ta zauna nan in riƙa zare shi sannu-sannu. Wanga aiki ba na yini guda ba ne." Har yau ina tuna fuskarta a lokacin: ko gezau.

Sannan aka zauna ɗinki. Ta ɗauko ƙyallen farin alawayyo, da zare, da wata tsohuwar allura daga cikin gwangwanin mentholatum. Ta ce wa Abba, "Matso nan, maigidana." Ta ce wa Ummi, "Ke kuma kishiya, zauna can kar ki yi mani baƙin ciki." Sai ta ɗauki ƙwallo biyu, ta naɗe a ƙyalle, ta kai allura, ta tsaya. "Wanga ya ƙi huduwa. Ranar nan an yi zagi ko?" Abba ya sunkuyar da kai ya ce ya ce wa Ummi mai kan kwakwa. Aka ba da haƙuri, allura ta shige. Na gaba ma ya ƙi. Ummi ta ce wannan na ranar alwala ne. Aka zo kan wani, Inna ta sansana shi ta ce, "Wanga ai warin bakin babba yake." Abba ya fashe da kuka, ya fito da sauran daga aljihu, ya ce na farantin Baba ne. Binciken da na yi kwanaki ina shirin farawa, tsohuwar nan ta gama shi kafin la'asar, da allurar da ko tsini ba ta da shi.

Ina durƙushe ƙafata ta yi tsami, sai na tuna ruwayar Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz a Bukhari, cewa matan Sahabbai kan yi wa yaransu abin wasa da ulu ranar Ashura, in yaro ya yi kukan yunwa a miƙa masa har rana ta faɗi. Da a zaure ne da na kawo ta na burge jama'a. A nan kuwa hujjar ta Inna ce, sai na bar ta a cikina.

Muka dawo Kankiya babur ya yi sauƙi. Maman Abba ta leƙa bayana, ta leƙa zaure, ta ce, "Malam, ina akuyata?" Na ce tana wajen aiki. Da ta ji labarin ta yi dariya har da riƙe ciki, ta share hawaye, sannan ta ɗauko littafin da take rubuta masu cin bashin zoɓo ta buɗe sabon shafi da sunana. Na ce ai mahaifiyarki ce ta karɓa. Ta ce, "Kai aka sa wa albarka ko ni?"

Daren Asabar Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya sanar da ganin wata, Sallah ta kama Lahadi 30 ga Maris, azumi ya tsaya a 29. Gari na murna, gidana sabon kuka: Abba ya yi lissafi ya gano rabi ɗaya ya rage ba abokin ɗinki. Aka sake kiran Kusada. Inna ta ce kar kowa ya damu, ranar da aka kawo akuya a babur ita ma ba ta ci komai ba har azahar, za a haɗa da nata.

Da damina ta sauka aka aiko daga Kusada cewa akuya ta haihu, tagwaye. Maman Abba ta ce Allah Ya raya, ta jawo littafi, ta soke ɗaya ta rubuta uku.