Yadda Na Yi Karatu a Faransa Ban Hau Jirgi Ba

Bari in fara da wanke kaina: ban yi wa kowa ƙarya ba. Abin da na faɗa a majalisarmu ta bakin tasha a Gumel shi ne, "Na samu gurbin karatu na zango ɗaya a Faransa." Wanda ya ji haka ya hango birnin Paris da dogon ƙarfen nan nata, wannan tsakaninsa da kunnensa. Mu dai a ƙasar Lautai, tsofaffinmu Faransa suke kiran tsallaken iyaka, tun ranar da Turawa biyu suka raba gonakin kakanninmu, Ingilishi ya ɗauki kudu, Bafaranshe ya ɗauki arewa. Idan tsohuwa a Maigatari ko Sule Tankarkar ta ce jikarta tana aure a Faransa, ba tikitin jirgi ake nema ba, amalanke ake ɗaurawa.

A 2018 ne, ina aji uku a jami'a, ina karantar Faransanci. Ƙa'ida ce ɗalibin wannan fanni ya je ya zauna inda ake magana da harshen. Tun da aka kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry a 1991, can akasarin ɗaliban Najeriya suke zuwa. Ni kuwa wani malaminmu ya yi mini hanya in je Damagaram a matsayin ɗalibi baƙo, a jami'ar da aka kafa a garin a 2010. Ba laifina ba ne da na bar sunan garin a aljihu.

Kafin mako ya zagayo, sunana ya koma Ɗan Paris. Na sayi akwati mai taya. Na shiga 'yan gwanjo na ɗauko wata jibgegiyar rigar sanyi mai gashi a wuya, irin wadda ake shiga ƙanƙara da ita. Yarinyar da nake nema ta sunkuyar da kai ta ce ba ta son komai sai turare, tunda an ce can ne mahaifarsa. Na ce ta ɗauka ya zo.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da ƙaryar rabi ce. Ranar sallama gida ya cika, har da gwaggon yarinyar, sai ga kakata an kawo ta daga Maigatari.

"Angona, an ce Faransa za ka. Wane gari?"

Na yi gyaran murya, na matse hanci irin na Turawa. "Zandar, Iya."

"Ina ne kuma haka?"

Baba, wanda bai san ana rufin asiri ba, ya ce, "Damagaram yake nufi, Iya."

"Au, Damagaram! To alhamdu lillahi. Sai ka biya Magarya ka kai wa ƙanwata ƙullin kuka da daddawa. Ka ce mata kwanon shan nan nawa da ta ara tun bikin autarta, ta ba ka ka taho mini da shi."

Gwaggon yarinyar ba ta ce uffan ba. Rigar sanyin kawai ta duba, ta dube ni, ta gyara mayafi.

Ranar Alhamis na tashi, ranar kasuwar Maigatari, lokacin da raƙuma da shanu da tumakin Nijar suke cika kara, motoci kuma suna komawa da yamma. Na samu kujera a wata motar 'yan kasuwa, akwatina a kan buhunan masara, wani rago da bai samu mai saye ba yana hura mini numfashi a ƙeya. A bakin iyaka na miƙa sabon fasfona da hannu biyu, na saki "Bonjur" ɗin da na kwana ina gogewa. Jami'in ya duba takardar ya ce, "Sannu, samari. Gumel? Wace unguwa? Ai kawuna yana can."

A nan na yi kuskuren da ya fi na farko. Na ce a raina ashe ban je ko'ina ba. Tuwo tuwonmu, sallama sallamarmu, gero ma irin namu ne. Har na tuna wa kaina cewa sarakunanmu a Tumbi suka zauna, cikin ƙasar Nijar ta yau, kafin a dawo da gadon sarauta Gumel a 1845. Wanda ya je Sin ya san shi baƙo ne, yana taka ƙasa a hankali. Ni kuwa da gadara na shiga Damagaram, kamar mai shiga ɗakin uwarsa.

Kwana uku aka yi ƙasar ta nuna mini tana da mai ita. Na je wajen wata mai abinci kusa da makaranta, na hango wani kwano a gefe, an jera masa tsoka manya-manya. Na ce, "Hajiya, a sa mini irin wancan."

"A'a, ɗana, wancan na mushe ne."

Na ji cikina ya juya. "Na me?"

"Na mushe. Kullum sai na ware shi daban."

Na dubi mutanen da ke kan benci, kowa yana ta loma hankali kwance. Sai malantar da ban taɓa sanin ina da ita ba ta motsa. Na miƙe na yi wa jama'a nasiha mai ratsa jiki. Na ce mushe ƙazanta ne, haramun ne, mu a Najeriya ko kusa da shi ba ma zuwa, jan sa ake yi da igiya a kai bayan gari ungulu su ƙarasa. Na ce ni warinsa kaɗai yana sa ni amai.

Wurin ya yi tsit. Sai wani dattijo mai farin gilashi ya ratso ta bayana, ya ɗauki kwanon, ya zauna, ya yi bisimilla. Mai abinci ta rusuna ta ce, "Barka da rana, Mushe."

Shekara uku ina rubuta kalmar nan ta Faransanci da ake girmama namiji da ita, ban taɓa haɗuwa da ita ta sa hula ta zama Bahaushiya ba. A Nijar malamin boko shi ne mushe. Karin sautin ya ɗan bambanta da na wancan mushen, amma yunwa ba ta jin karin sauti. Da ƙarfe uku na shiga ajin nahawu, na tarar da mai farin gilashi a gaban allo. Ya dube ni ya ce, da Hausa tsantsa, "Ɗan Najeriya, zauna can baya, kada warin ya dame ka."

Daga ranar na buɗe littafi na musamman. Makaranta lakwal ce, littafin rubutu kaye, biro bik, ɗan acaɓa kabu-kabu. Daren da abokin ɗakina ya yi tsalle ya ce "kuran ya dawo", sai da na kai hannu ga sakata kafin na ga ƙwan lantarki ya kama. Lissafin kuɗi kaɗai ne bai kayar da ni ba, don wannan a kasuwar Maigatari na koya: dala ɗaya sefa 5, dala ashirin sefa 100, jaka ɗaya sefa 1,000.

Ana nan sai abokin ɗakin nawa ya ce, "Yau bayan isha za mu fada. Na ba da labarinka, shugaba yana son ganin ka."

Gabana ya faɗi. Na san fadar Damagaram tana cikin Birni, na san labarin Sarki Tanimu da igwoginsa, na kuma san mahayan garin nan sun sha kai wa ƙasar Gumel hari kafin zuwan Turawa. Yanzu ga ni, ɗan Lautai tilo, zan wakilci masarauta guda. Na ciro babbar rigar da na tanada don Sallah, na kafa hula, na yi ta bitar gaisuwa a gaban madubi. Abokina ya gan ni, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa. Har gobe ban yafe masa wannan fasawar ba.

Kabu-kabu ya ɗauke mu, ya ajiye mu a wani lungu a Zango. Na ce watakila ta ƙofar baya ake shigar da baƙi na musamman. Muka ɓullo wani fili, ga tabarmi biyu, ga benci, ga samari kusan goma, ga 'yar butar shayi a kan gawayi. Abokina ya nuna wani ya ce, "Ga shugaban fada." Jiki ya riga hankali. Kafin in lura da cewa mutumin rigar Barcelona ce a jikinsa, kuma fifita gawayi yake da murfin kwali, na tuɓe takalma na zube na ɗaga hannu na ce, "Ranka ya daɗe!"

Wani sai da shayi ya fito masa ta hanci. Ashe fada a Nijar majalisar samari ce, inda ake shan shayi zagaye uku, na fari mai ɗaci, na ƙarshe mai zaƙi, ana taɗin ƙwallo da siyasa da rashin aikin yi har dare ya raba. A daren suka naɗa ni Galadiman fada. Aikin Galadima shi ne sayen sukari.

Amma duk wannan wasa ne a kan abin da waƙafi ya yi mini. Da aka liƙa sakamakon jarrabawar nahawu, na kutsa cikin cunkoso na bi layin sunana da yatsa. Na ga bakwai, na ga biyar. A jami'armu ta gida, wanda ya kai 70 ya ci A. Ban tsaya ba, na ruga inda waya take kamawa.

"Baba, saba'in da biyar!"

"Allahu Akbar! Allah ya yi maka albarka."

Kafin la'asar an yanka zakara a gidanmu, an kai waina masallaci. Na dawo ɗaki na tarar da abokina yana ta murna. Na tambayi nawa ya ci, ya ce 13. Tausayinsa ya kama ni. Na ce a raina baƙin ciki ne ya taɓa masa kai. Na dafa kafaɗarsa na ce ya ɗauki ƙaddara, kuma in yana so zan riƙa yi masa bita da dare, ba sai ya biya ba.

Ya ce, "Kai nawa ka samu, Galadima?"

Na faɗa masa. Ya kama hannuna, bai ce komai ba, ya ja ni har gaban allon. Tsakanin bakwai da biyar akwai wani ɗan ƙaramin abu kamar ƙafar sauro: 7,5. A tsarin Faransa bisa 20 ake ba da maki, 10 ce tsira, kuma inda muke sa ɗigo su waƙafi suke sawa. Bakwai da rabi na ci. Zakaran gidanmu ya mutu a banza.

Wanda ya cece ni shi ne mutumin da na ce a ja shi da igiya. Mushe ya riƙa zaunar da ni bayan aji, yana warware mini aikatau ɗin Faransanci da misalan Hausa, har abin ya fara zama. A jarrabawar gyara na samu 11. Ban taɓa wahalar neman wani abu kamar wannan sha ɗayan ba, don haka da alfahari na kira gida.

"Baba, na ci sha ɗaya."

Ya yi shiru. Can ya ce, "Daga saba'in da biyar? Kai, faɗa mini gaskiya, me kake sha a can?"

Na yi bayanin waƙafi, na yi bayanin ashirin, ya ce in bar kawo masa lissafin Nasara. Har yau a wajen Baba, na tafi da ƙwaƙwalwa na dawo babu.

Da zango ya ƙare na shiga kasuwar Dole na sayi turare mai rubutun Paris ɓaro-ɓaro a kwalba. Ina cikin biya mai shagon ya ce in kwantar da hankalina, mai kyau ne, shekaranjiya aka kawo masa daga Kano. Yarinyar ta karɓa ta yi godiya, ta ce ƙanenta yana gaishe da Ɗan Paris, yana kuma tambaya ko ƙanƙara ta yi sauƙi a Magarya. Rigar sanyin tana nan, kaza ce take ƙyanƙyasa a cikinta. Cikin duk tsarabar da na kawo daga ƙasar waje, wadda aka yi wa guɗa ita ce kwanon Iya.

A 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Iya ta ji a rediyo, ta aika a kira ni.

"Angona, ka ji? Faransa ta koma Hausa. Ashe ni ya kamata a tura, da na ciyo musu ashirin ɗin nan cif."

Na ce bari in kama tsohuwa. "To Iya, in kin isa, mene ne mushe?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsinkar zogalen da take yi. "Malamin lakwal mana. Wannan ai ko akuyata ta sani."