Masu Kai Keke Kan Dutse a Mota

Zuwa ga bawana, ɗan Goggo,

Ina fatan Goggo ta samu sauƙin ƙafa, kai kuma Allah ya yaye maka rowa. Ina nan lafiya a Reyuniyon. Na san ba ka san inda take ba, to buɗe kunne: tsibiri ne a Tekun Indiya, gabas da Madagaska, amma ƙasar Faransa ce, tun 1946 aka mai da shi ɗaya daga cikin jihohinta. Da yuro ake cefane.

Maganar keke ce ta sa na rubuto. Kai da kake laɓewa bayan katanga in 'yan matan Damagaram sun hango ka a kan naka, zo ka ga masu hali. Mutum da motarsa, sai ya sayi keken da kuɗinsa ya isa sabon babur har da canji. Ba kariya, ba ƙararrawa, ba inda za a ɗaure ko tiya ɗaya ta gero. Ran Lahadi ya ɗora shi a mota ya hau wani dutse wai shi Mayido, mai tsayin mita 2,200 ko kusa da haka. Can sama ga sanyi, gajimare kuma a ƙasa da kai yake. Sai ya kifa hular kwano mai rufe haɓa, ya ɗaure gwiwoyi, ya sako keken: ta kan duwatsu, ta cikin kurmi, ta taɓo da saiwoyi, ta gonakin rake, har Sen-Fol a bakin teku. Kuma ba wanda ya aike shi. Na tambayi abokin aikina wa ya biyo shi, ya ce ai hutawa yake yi!

Har gasa suke yi, Megavalanche, inda ake sakin mahaya jingim a lokaci guda. Wanda ya faɗi ya tashi yana dariya, haɓa na jini. A wajenmu da tuni an nemo mai ruƙiyya.

Daga kan Mayido ana leƙa wani kwari, Mafat. Akwai mutane zaune a ciki, amma babu hanyar mota ko ɗaya, sai a ƙafa ko a jirgi mai saukar ungulu. Na riga na fara nema maka ɗaki a can, tunda masu bin ka bashi ba za su iya gangara ba.

Ni dai an ba ni aron keke, amma ka san ni da hankali. Wajen Etan-Sale nake yawona, inda ƙasa take shimfiɗe, yashin bakin teku kuma baƙi ƙirin saboda aman wutar dutse. Ka ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, haƙorana na nan cif.

In ka samu mai zuwa Faransa, a aiko mini da kilishi da yaji. A ba shi hannu da hannu, kada ya bi ta ɗakinka.

Ubangidanka har kullum,
Ɗan Kawu