Gogan Naku Ya Koma Latsa Waya

Na san abin da za ku ce tun ban buɗe baki ba. "Yanzu duk matsalolin duniyar nan, bawan Allahn nan bai ga abin rubutu ba sai ƙarti masu gemu da suka kewaye tebur suna yaƙi da dodon da babu shi?" To Alhaji, sannu da ƙoƙari. Kai da ka ƙaurace wa tuwon dare saboda wani yaro a Landan ya ɓarar da fanareti, ba kai za ka koya mana abin da ya dace da babba ba. Gyara zama kawai.

Sunan wasan Dungeons & Dragons. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da shi a Amurka a 1974, yau kuma yana hannun kamfanin Wizards of the Coast, wanda Hasbro ya saye a 1999. Mutum huɗu ko biyar ke zama, kowa da takardar da ke ɗauke da wanda zai zama a cikin labarin: wannan mayaƙi, wancan ɓarawo, ga matsafi, ga mawaƙi. Mutum guda ne ke jan wasan. Shi zai ce kun iso bakin kogo, ana jin wani gurnani daga ciki, me za ku yi? In abin da ka zaɓa yana da kasada, sai ka jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska ashirin, ita za ta raba gardama.

To, ana cikin haka sai mai jan wasa ya lura da mutum ɗaya. Ya zame a kujera, hannunsa na ƙarƙashin tebur, hasken waya na haska masa haɓa. In layi ya zo kansa sai ya ɗago a firgice: "Wa muke duka ne?" A nuna masa. "To, na sare shi." Ya jefa ƙwaya, ya koma inda ya fito.

Na ji Malam daga can baya yana cewa a kore shi mana, ana dole ne? Hajiya kuma ta ce a tara wayoyin kowa a kwando tun daga bakin ƙofa. Akwai masu yin hakan, Hajiya, ba ke kika fara ba. Abin da suke samu shi ne mutumin da ba ya latsa waya, ya koma ɗora ƙwayoyi ɗaya kan ɗaya yana gina hasumiya, in ta rushe ya sake. Wayar ba ita ta ɗauke shi ba, ta tarar da shi ne ya riga ya tafi.

Ku zo mu yi lissafi, tunda kun ce ku masu hankali ne. A ƙa'idar wasan, zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa shida ne a cikin labari. A kan tebur fa? A ce mutum biyar ne, kowa ya ci minti uku, matsafi ya ci nasa ya ƙara da na maƙwabci yana fitar da littafi yana neman tsafin da zai yi, sannan mai jan wasa ya motsa dodanninsa. Minti ashirin sun tafi. Layi ya zo kan gogan naku, yana buƙatar 9 ko sama, ƙwaya ta ba shi 4. "Ka kuskure. Na gaba." Wani minti ashirin ɗin ke nan. Ni dai ban ga laifin wanda ya leƙa WhatsApp a wannan tsakanin ba, kuma ku da ba kwa iya jiran koren wuta a titi ba tare da kun danna hon ba, kada in ji bakinku.

Wannan ɓangaren gyaransa ba wuya. A riƙa sanar da wanda ke biye tun kafin layinsa ya zo, a jefa ƙwayar sara da ta rauni lokaci guda, a damƙa wa mai gyangyaɗin aikin rubuta jerin layi. In ya kuskure, kada a tsaya a "ka kuskure": takobinsa ya sari igiyar fitila, ɗakin ya yi duhu, yanzu kowa na kallonsa.

Inda aikin yake shi ne takardarsa. Mai jan wasa ya karɓe ta ya karanta da kyau. Sau da yawa za ka tarar tun ranar farko ya rubuta wani abu a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, misali cewa ƙanwar ɓarawon da ya zama a labarin ta ɓata shekara bakwai, kuma tun ranar babu wanda ya sake tayar da zancen. To, daina jefa "me za ku yi?" a tsakiyar tebur, don mai babbar murya ne zai cafe kullum. Kira sunan ɓarawon nasa. Ce masa yaron mai masauki ya goge shi zai wuce, ya cusa masa wani abu a tafin hannu, ya buɗe ya ga zoben ƙanwarsa, ga yaron can ya kusa ɓacewa cikin kasuwa. Sannan ka yi shiru. Shirun nan shi ne ya fi wuya, don bakin mai jan wasa ƙaiƙayi yake. Ku da aka rena da Gizo da Ƙoƙi kun san wannan dabarar, kuna dai yi mini fuska ne: in kaka ta ga jika ya fara rangaji, ba tsawa take yi ba, sai kawai kura ta biyo ta ƙofar gidan su mai barcin, ta ambaci sunansa.

In hakan bai yi ba, a tambaye shi, amma a keɓe, ba a gaban jama'a ana zuba masa ido ba. Wataƙila faɗa ya zo nema aka cika shi da siyasar fada. Wataƙila kuma wasan ba ruwansa, kuɗin haya ne ke cin ransa. Shi ya sa masu wasan ke yin zaman share fage kafin a fara labari, kowa ya faɗi abin da yake so, har littafin Tasha's Cauldron of Everything na 2020 ya ware wa wannan zaman sashe.

Ga kuma wanda za ku ƙi yarda da shi. Wani ba abin da ke damunsa. Robin Laws, a ɗan littafinsa na 2002 kan jan wasa, ya lissafa irin wannan a cikin nau'o'in 'yan wasa: ya zo ne don abokansa suna nan, ya ci gyaɗa, ya yi dariya, ya jefa ƙwaya in an ce ya jefa. Ka matsa masa ya yi jawabi a gaban sarki da muryar wasan kwaikwayo, mako mai zuwa sai ka ji wai baƙi ya yi. Rabu da shi. In kana son ganewa, duba ko yana zuwa a kan lokaci, ko kuma shi ke fara tambayar yaushe za a sake zama.

Sai mai jan wasan kansa, wanda ban ga dalilin da za a ƙyale shi ba. Ya kalli Matthew Mercer a shirin Critical Role, wanda aka fara a 2015, ya manta cewa mutanen teburin can sana'arsu ce sarrafa murya. Ya kwana yana rubuta tarihin masarauta shafi tara, ya zo ya karanta wa mutane tun daga kakan kakan sarki. Wanda ya ɗauko waya a nan, shi ne kawai mai gaskiyar cikinsu, sauran kunya ce ta riƙe su.

To Malam, ga naka rabon: wani lokacin mutum ya gaji ne, kuma tafiyar ita ce daidai. Amma ban yarda a sa dodo ya haɗiye ɓarawon nasa don huce haushi ba. A ba shi masauki a wani gari cikin labarin, ya zauna yana sayar da abinci yana tara jita-jita. In ayarin ya biyo ta garin bayan wata uku, a buga wa gogan naku waya a ji ko yana gida ranar Asabar.