Ranar da Aka Tuhumi Kwamfuta da Taɓin Hankali

Da Allah Ya nufe ni da rubuta wata ƴar manhaja ta lissafin rabon gado da harshen C, wadda dukkanta ba ta wuce layi ɗari biyu ba, sai masana suka ba ni shawara in haɗa ta da Autoconf, wanda David MacKenzie ya ƙago a 1991, da ɗan'uwansa Automake, domin a cewarsu ta haka ne za ta zauna a kan kowace irin kwamfuta ba tare da na san halinta ba. Fa'idar kuwa gaskiya ce, don ta hau injuna iri-iri ban taɓa ko harafi ba. Illa dai takardar configure da aka haifa mini ta zarce layi dubu biyar, wato sharhi ya haɗiye matani, har mai matanin ya kasa karanta hashiyar littafinsa.

Ana nan sai aka yi rasuwa a unguwarmu, aka tara magada a zauren kawuna, wanda shi ne malamin da ke raba gado, ni kuwa na roƙi alfarma a bari na'ura ta yi hidimar a kan tsohuwar kwamfutar ɗansa. Kawu ya ce, "To, ɗana, bismilla."

Da na sake ta, maimakon ta fitar da tumunin matar mamaci, sai ta shiga tambayoyi, tana binciken ko akwai stdlib.h, abin da aka yi ittifaƙi a kansa tun 1989, bayan tun farko ta tsaya tantance ko injin yana cikin hankalinsa. A karon farko ma hukunci ta yanke cewa ba ya ciki, saboda batirin agogonsa ya mutu, yana zaune a wata shekara da ta shuɗe, har sabon fayil ya girmi tsoho, wanda mustahili ne a wurinta. Muka gyara agogo, ta sake tambayoyin tun daga fari, kana make, wanda ke harhaɗa manhajar, ya tsaya cik, domin ɗan kawu ya buɗe fayil ɗin umarnin make da wata manhajar rubutu da ta mayar da Tab fili, alhali Stuart Feldman ya shar'anta Tab ɗin nan a make tun 1976, ya kuma bar shi don kada ya ɓata wa ƴan abokansa da suka riga suka saba.

Ina cikin neman harafin da ido ba ya gani, gumi na ɗiga a kan madannai, Kawu ya jawo ƴar takarda, ya cire tumuni, ya ba namiji rabon mata biyu, aka shafa fatiha, magada suka watse. Da zai shiga gida ya dafa kafaɗata, ya ce, "Ɗana, in ta gama tambayoyin, ka ce mata an raba."