Allah Ya Ja Zamanin Dokar Tsarin Birnin Lome

Ranki ya daɗe, Dokar Tsarin Birni, uwar takardu, kakar hatimai, mai jan fenti a dama da katafila a hagu, gimbiyar da ba ta gyangyaɗi sai ana haƙa harsashi, ba ta farkawa sai an buga kwanon rufi. Mu mutanen unguwar Hanoukopé da maƙwabtanmu da suka saura a gefen tsohon Zongo mun daɗe muna cin albarkacinki ba mu fito bainar jama'a mun gode ba, alhali yaba kyauta tukwici. Yau mun zo mu faɗi, mu yi gaisuwa, mu lissafa alherinki ɗaya bayan ɗaya don 'yan baya su sani.

Asalinki ba na ƙananan mutane ba ne. Kakanninki Jamusawa ne, waɗanda suka mayar da Lome babban birni a 1897. Iyayenki Faransawa ne, su da suka yanka filayen Hanoukopé a ƙarshen shekarun 1920. Ke kuwa aka naɗa miki rawani ranar 24 ga Oktoba, 1967, da dokar tsara birane da izinin gini, aka sabunta miki alkyabba a 2016, aka ƙara miki ƙanwa ranar 14 ga Yuni, 2018, wato dokar filaye. Wa ya isa ya ja da mai irin wannan dangi?

Ke kika zo mana da hasken da kakanninmu suka rasa: gida wurin barci ne, kasuwa wurin ciniki, bakin titi kuwa na idon baƙi ne. Bayin Allah da suka taso daga Kano da Sakkwato da Katsina, suka bi hanyar Salaga da goro da shanu har suka iske teku, ba su san haka ba. A duhun kansu, maigida ya sauke baƙo a gidansa, ya ajiye masa kaya a ɗakin ajiya, ya nemo masa mai saye a zaure, ya tsaya masa a bashi. Malam ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida yara su kewaye shi da alluna. Uwargida tana cikin kulle ta soya waina, ta dama koko, ta tuƙa tuwo, yarinya ta fita da tire. Da wannan jahilci aka ciyar da iyali, aka aurar da 'ya'ya, aka gina masallatai, aka je Makka, shekara da shekaru, babu wanda ya tausaya musu ya ce musu kuskure suke yi sai da kika bayyana.

Babbar karamarki, wadda ko maƙiyi ba ya musunta, ita ce ta Oktoban 1977, zamanin Janar Eyadéma. Zongo na zaune a bakin babban titin da ya kewaye tsakiyar gari, tafiyar ƙafa ce zuwa babbar kasuwa da tashar jirgin ƙasa. Kika duba, kika ga dubban mutane suna wahalar kusanci da abincinsu. Tausayi ya kama ki. Kika share unguwar, kika kai su Togblékopé, wajen kilomita 15 arewa da gari, inda ɗan kasuwa zai huta da hayaniyar masu saye, dillali ya sami sararin yin tunani. Wace uwa ce ta taɓa yi wa 'ya'yanta irin wannan gata?

Ba ki tsaya nan ba, mai kyauta har da ƙari. Kika zaɓa musu ƙasa kusa da kogin Zio, don wanda ya fito daga Sahel kada ya sake kukan ƙishirwa. Damina ta yi damina, ruwa ya bi su har cikin ɗaki, ba a karɓi ko dala ba. A 2008 ma ya yi ƙarfin da ya karya gadar Togblékopé, jama'a suka sami hutun da ba su roƙa ba.

A filin da aka share kuwa, manyan benaye suka tashi: bankin BTCI, hedikwatar bankin raya Afirka ta Yamma BOAD, da ginin bankin ƙungiyar CEDEAO. Da wannan kika rufe bakin masu cewa kina ƙin kasuwanci. Ba kya ƙinsa ko kaɗan. Wanda ke ƙamshin goro da warin garke ne bai dace da tsakiyar gari ba, wanda ake yi cikin sanyin na'ura da kwat da wuyan riga ɗaure kuwa, shi ne ado. Kuma tsohon Zongo bai ɓata ba, tunda wani masani Bafaranshe, Michel Agier, ya rubuta littafi a kan attajiransa aka buga a Paris a 1983. Unguwa nawa ce a duniya ta sami darajar barin ƙasa ta koma kan takarda?

Mu dawo yau, mu ga aikinki kusa da kusa. Ga tela ɗan haya a wani lungu na Hanoukopé, ya roƙi mai gida ya fasa masa ƙofa a bangon da ke kallon titi, ya sa keke biyu da yara masu koyon aiki. Don ya sami izini, ana son takardar mallakar fili, ko aƙalla taswirar fili mai hatimi, da zanen mai zanen gini, da sa hannun da ke jiran wani sa hannun. Tela ba shi da ko ɗaya, mai gidan ma gado ne, magada na kotu. Sai ki yi shiru, shirun manya. Magini ya fasa bango kina kallo. Kafinta ya kafa rumfa kina kallo. Mai fenti ya zana almakashi da babbar riga a saman ƙofa kina kallo. Haƙurinki ya fi ƙarfin misali, domin da kin yi magana tun ranar farko, da bawan Allah bai kashe jarinsa ba, da kuma rusau ɗin bai zama darasi ba.

Daga nan sai mai tikiti ya fara zuwa. Ya yaga, ya miƙa, ya karɓa, ya wuce. Shekara ta zagayo, masu haraji su zo da tasu takardar. Tela ya tara rasit a cikin gwangwanin maɓallai, yana zaton wanda aka karɓi kuɗinsa an san da zamansa. A nan hikimarki ta wuce ta malaman fiƙihu: shago ɗaya ya halatta a karɓi kuɗinsa, ya haramta ya tsaya a inda yake, kuma hukuncin biyu duk daidai ne a rana guda. Wata safiya sai a wayi gari da jan fenti a bango, da rubutun Faransanci ga mutumin da ya sauke Alƙur'ani yana rubuta wasiƙa da ajami. Wannan ma gata ne, an ba shi dalilin koyon sabon harshe a cikin 'yan kwanakin wa'adi. Ranar da katafila ta zo, da sassafe take zuwa, don kada rana ta dake shi yana tsince allurai a cikin ƙasa.

Idonki kuwa, tubarkalla, ya fi na shaho. Rumfar mai koko ta fito da kamu ɗaya, kin gani. Bencin mai shayi ya taɓa bakin kwata, kin gani. Tukubar mai tsire ta yi hayaƙi, kin shaƙa tun daga ofis. Amma in bene mai hawa biyar ya cinye hanyar masu ƙafa, ko gidan mai ya jingina da ɗakin kwanan mutane, ko mashaya ta kafa lasifika a kunnen makaranta, ko mai sayar da motoci ya jera hajarsa a inda yara ke wucewa, sai ki sunkuyar da kai kamar amarya a gaban surukai. Wannan kunya ce, kunya kuwa tarbiyya ce. Ba a ɗaga ido a kalli babba.

Ko wuta ta shaida sassaucinki. A Janairun 2013 babbar kasuwar Adawlato ta ƙone. Aka zuba 'yan kasuwa a cikin kwantenoni a Agbadahonou, aka ce na wucin gadi ne, shekara goma ta cika ba su koma sabon gini ba. Kwantenar da take ƙazanta in talaka ya ajiye ta a ƙofar gidansa, ta zama tsari in hukuma ce ta jera ta. Ƙarfe ɗaya, tsatsa ɗaya, zafi ɗaya, amma albarkar hannu ta bambanta.

A 2019 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, na farko tun 1987, aka raba Lome da kewayenta gida 13, aka ɗora musu hukumar babban birni a sama. Hanoukopé ta faɗa Golfe 4, Togblékopé ta faɗa Agoè-Nyivé 4. Da can baki ɗaya gare ki, yanzu kin sami bakuna da yawa, kowanne da zaƙin muryarsa. Mai neman izinin kiyos ya je ofishin magajin gari a tura shi ma'aikata, ma'aikata ta tura shi wajen masu safiyo, su kuma su ce ya dawo jibi. Jininsa ya motsa, ƙafarsa ta yi ƙwari, masu zemijan, wato masu haya da babur, suka sami na cefane. Arzikin ƙasa ke nan yana zagayawa.

Ba ke kaɗai ba ce a gidanku, mun sani. Yayarki ta Legas ta share Maroko a 1990. Ta Harare ta yi nata a 2005, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta mutum 700,000 a faɗin Zimbabwe suka rasa gida ko sana'a. Ta Yamai ta kwashe kiyos-kiyos a 2016. Duk sun yi ƙoƙari, amma ke kin riga su, kuma kin fi su natsuwa.

Sai dai mai arziki ba ya rasa mahassada. Akwai masu cewa wai a rubuta ƙa'idar a taƙaice, a karanta ta a rediyo da Hausa da Ewe da Kotokoli, kowa ya san abin da aka yarda ya yi a zaurensa da ƙofar gidansa. Wai a raba sana'ar da ba ta cutar da maƙwabci, irin ɗinki da waina da aski, da wadda ke iya tayar da unguwa, irin fetur a kwalba da walda kusa da tukunyar gas. Wai a shata wa masu rumfa layi a ƙasa, a liƙa kuɗin izini a bango, wanda ya biya a ba shi takardar da katafila za ta girmama. Wai kafin a tayar da mai abarba da ayaba da ta yi sammako ta tari motar Kpalimé, a nuna mata inda za ta koma, wurin da masu saye ke iya zuwa. Wai in za a rushe, a fara da bene. Ji maganar marasa kunya! In kowa ya san doka, ina kwarjininta? In aka liƙa farashi a bango, da me za a gaisa? In talaka ya kwana da tabbacin rumfarsa za ta kai gobe, ai sai ya manta da tawakkali. Birnin da ya haura mutum miliyan biyu, mafi yawansu da ƙaramar sana'a suke ci, in aka ce a tsara shi don su, su wa za su riƙa ba manyan baƙi sha'awa da titi fayau?

Don haka, ranki ya daɗe, kada ki saurare su. Ki ci gaba da barci lokacin gini, ki ci gaba da karɓa lokacin ciniki, ki ci gaba da farkawa lokacin da jari ya ƙare a bango. Ku kuma 'yan uwa na Hanoukopé, iyaye mata masu tire da samari masu keke, ku biya tikitinku da fara'a, ku adana rasit don jikoki su ga kun yi biyayya. Wanda duk ya tashi ya ga jan fenti a bangonsa, ya nemi guduma ya cire kwanonsa da ƙofarsa tun da dare, domin katafila ba ta mayar wa kowa kwano.