Yadda Ake Yanka Kalmar Holanci Ba Tare da Cizon Harshe Ba

Mutanen Diko sun daɗe da sanin Holan ta gwangwanin madarar Peak da atamfar Vlisco da ake bugawa a Helmond. Amma tun 2006, matar da mijinta ke zaune a Rotterdam ba ta samun izinin tarewa sai ta ci jarrabawar Holanci tun daga gida. Ga shawara ga masu wannan fama.

Na ɗaya, a nemo mahaɗa kafin a buɗe baki. Bahaushe kan sa karan-ɗori ya rubuta faɗi-ka-mutu, 'yan Holan kuwa liƙe kalmomi suke yi ba ko alama. Massagebed, in an yanka shi massage-bed, gadon tausa ne. Wuƙa na zamewa aka ce massa-gebed, an koma addu'ar taron jama'a. Val-kuil ramin tarko ne, wanda ya yanka valk-uil kuwa ya haɗa shaho da mujiya.

Na biyu, galibi nauyin murya kan kalmar farko yake sauka. Wannan da sauƙi, a wuce.

Na uku kuwa, ina ma shawarar take? Angstschreeuw, wato ihun tsoro, haruffan baƙi takwas ne a jere, babu wasali ko ɗaya da mutum zai huta a kai. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu, shi ya sa muke da burodi da sukurudireba. Harshen da ya tashi a haka dole ya yi ta zuba wasula, kalmar ta kumbura har mai ita ya kasa gane ta. Kuma sch ɗin ba sh ba ce: s ce, sai wani sauti daga maƙogwaro mai kama da kha ta Larabci. A nan kaɗai wadda ta yi makarantar allo ke da riba.

Sai abin haushin. A gyaran rubutu na 1995 pannekoek, fankensu, ya koma pannenkoek. A rubuta n, amma kada a furta ta. Haba! Baiwar Allah tana bitar wannan da fitilar waya bayan an ɗauke wuta, sannan a ce mata wani harafin ado ne?

Mazan da ke can, don Allah ku riƙa turo kalmomin nan da murya, gaɓa-gaɓa, a hankali. Littafi ba ya nuna inda ake yankawa.