Ire-iren Masu Gini Bayan Lissafi Ya Rushe

Ginin gida a ƙasar Hausa yana farawa ne da wata 'yar takarda da birkila ke rubutawa a tsaye, wani lokaci a bayan kwalin sukari: bulo kaza, siminti buhu kaza, yashi tifa kaza, rodi kaza, sai kuɗin aiki. Ita ake kira ƙiyasi, kuma da wuya ta raka mai gini har linta. Birkila kan rage lissafi da gangan don kada maigida ya firgita ya fasa. Akwai kuma abubuwan da ba sa shiga takardar sam, irin su la'adar dillali, sa hannun mai unguwa, izinin gini da ake nema a Kano wajen hukumar KNUPDA, ruwan 'yan garuwa, ramin masai da abincin leburori. Sai uwa uba kasuwa. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni, dakon kaya ya yi tashin gwauron zabi. A Fabrairun 2024 buhun siminti mai kilo 50 ya haye naira 10,000 a garuruwa da dama, har gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka tsayar da farashi a kan naira 7,000 zuwa 8,000. Masu shaguna sun ji wannan labari a rediyo kamar kowa.

A ranar da kuɗi suka ƙare gini bai ƙare ba, masu gini kan rabu gida-gida.

Na farko shi ne mai jiran sauƙi. Ya zuba harsashi, ya ɗora layi huɗu na bulo, sai ya tsaya har farashi ya dawo hayyacinsa. Tun da kamfanin BUA ya sanar da naira 3,500 a bakin masana'anta a Oktoban 2023 yake riƙe da wannan adadi, kuma duk wanda ya faɗa masa wani farashin daban ɗan baƙin ciki ne. Kullum yana da labari daga wani da ya san wani a Abuja cewa bayan Sallah komai zai sauko. Kafin nan maƙwabci ya shuka kuɓewa a falonsa, awaki sun kama ɗakin uwargida, unguwa kuma ta mai da kicin bola. Da za a raba kangon gado, da awakin sun fi shi hujja.

Kishiyarsa mai tara kaya ne. Shi ya ga abin da jira ya yi wa wasu, don haka da kuɗi sun shigo sai kasuwar Ƙofar Ruwa. Rodi, katako, ƙusa, kwano, har da makullan ƙofofin da babu bangonsu tukuna. Dabarar tana da kyau ga ƙarfe da bulo, amma siminti ba ya son ajiya, yana shan danshi ko daga iska. Damina ɗaya a ɗakin da ke yoyo ta isa ta mai da buhu ɗari duwatsu masu siffar buhu, waɗanda daga baya ake jerawa a ƙofar gida a matsayin dakali. Yashinsa kuwa sadaka ce mai gudana: yaran unguwa na wasa a kai, kowane maƙwabci na ɗibar kwano guda don toshe ramin ɓera.

Mai matse siminti ya fi kowa haɗari, shi ya sa ya cancanci dogon bayani. A ganinsa tsada ba ta da magani sai ƙarin yashi. Yakan tsaya a kan mai buga bulo yana ƙirga shebur, buhun da ya kamata ya ba da bulo talatin da 'yan kai sai ya tatse shi ya haifi sittin. Bulon da ya fito daga wannan aiki ana ɗaukarsa da lallashi, don idan aka kama shi da hannu ɗaya rabi ne ke tasowa. Inda injiniya ya rubuta rodi mai milimita 16 sai ya sa mai 12, inda aka ce 12 ya sa 10, yana cewa ai duk ƙarfe ne. Birkila kan ce, "Alhaji, wannan kwaɓin bai ji siminti ba." Shi kuma ya amsa, "Malam, gidan kakana da ƙasa aka yi shi, yana nan tsaye." Gaskiya ne, sai dai gidan kakan nasa tubali ne da azara, katangarsa mai kauri, kuma ba a ɗora masa bene ba. A ƙarshe kuɗin da ya rage wa siminti yakan biya su ninki wajen ɗinke tsagewar bango, idan Allah ya taƙaita abin a tsagewa.

Akwai mai rage buri. Zanen farko bene ne mai falo biyu da ɗakin baƙi. Bayan zuwa kasuwa sau biyu benen ya zama alkawari, shaidarsa kawai rodin da aka bari suna leƙen sama suna tsatsa, da matakalar da ke hawa ba ta isa ko'ina ba. Ɗan'uwansa na jini shi ne wanda ya yanka rabin filin ya sayar don ya rufa sauran rabin. Abin takaicinsa, wanda ya sayi rabin yakan riga shi tarewa.

Injiniyan kansa ya kori kowa don ya rage kashe kuɗi. Ya kalli bidiyo a YouTube, ya sayi tef, ya zana gida a ƙasa da sanda. Ana gane aikinsa da ƙofar banɗaki mai kallon falo da kwatar da ke mai da ruwa cikin tsakar gida.

Mai gini daga nesa yana Legas ko Jidda ko Landan, yana turo kuɗi ga ƙaninsa. A lissafinsa gida ya kai silin, domin hotunan da ke zuwa ta WhatsApp haka suka nuna. "Yaya, siminti ya ƙara kuɗi," shi ne saƙon kowane wata, kuma ba ƙarya ba ne, abin da ya sa ƙaryar da ke biye da shi take shiga. Ranar da ya sauka ba sanarwa yakan tarar gidan da ke hoton na maƙwabci ne, nasa yana daidai gwiwa, ƙanin kuma ya yi sabon babur da sabuwar amarya. Irin wannan shari'a ba ta zuwa kotu, a ɗakin mahaifiya ake kashe ta da "ka yi haƙuri, ɗan'uwanka ne."

Mai tarewa a kango ya gaji da kuɗin haya. Ya rufa ɗaki ɗaya, ya toshe taga da buhun siminti, ya rataya labule a madadin ƙofa, ya kwaso iyali. Ana yi masa dariya, amma lissafinsa ya fi na da yawa daga masu dariyar: kuɗin hayar bana su ne filastar baɗi. Cikas ɗinsa guda ne, idan ido ya saba da bango ba shafe sai gaggawa ta mutu, har a aurar da 'yar fari a gidan wayoyin wuta na lilo.

Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 na albashi don asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana da nasa rukunin. Shi gininsa a fayil yake, yana neman takardar shaidar mallakar fili da za ta ba shi damar cin bashin, kuma yakan yi ritaya da fayil mai kauri.

Wadda ba a cika lissafawa ba ita ce mai adashi. Tana sayar da atamfa ko ƙosai ko kayan miya daga cikin gida. Duk kwasa sai ta aika a bugo bulo ɗari biyu, ba ta taɓa neman ƙiyasin gida gaba ɗaya ba, saboda haka bai taɓa tsorata ta ba. Ba ta zana bene, ba ta gayyatar kowa ganin fili, wani lokaci ko maigidan bai sani ba sai an zo maganar kwano. Takan ɗauki shekaru, amma a cikin duk waɗannan rukunai ita ce aka fi gani tana karɓar kuɗin haya.